Abin da Na Auno a Ludiyana

Jirginmu ya sauka Delhi da hantsi. Na fito da jaka ɗaya da takarda mai hatimi uku, na tsaya inda aka ce in tsaya. Mutumin da ya shirya mini tafiyar, wani dillalin karatu da muka haɗu da shi a Gusau, ya ce zan ga direban makaranta riƙe da allo mai sunana. Na karanta alluna har idona ya gaji. Akwai sunan Bature, akwai na Balarabe, babu Lawali. Na kira lambar da ya ba ni, wata mace ta ɗauka, ta yi magana da harshen da ban taɓa ji ba, ta kashe.

A lokacin shekarata ashirin da shida. Na gama karatun ƙididdiga a Kaura Namoda, na yi shekara biyu ina koyar da lissafi a firamaren Sakajiki, ƙauyenmu. Babana ya sayar da shanun huɗarsa don in je Indiya in koyo ilmin kula da ingancin kaya a masana'anta, in yi shekara ɗaya in dawo da takarda. Shanun nan ne suka yi ta zuwa mini a rai a bakin ƙofar filin jirgin, su da damina mai zuwa.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da wani dattijo mai shuɗin rawani a wuya ya juyo ya tambaye ni da Hausa ɗan ina ne. Mutumin Maraɗi ne, ya kawo matarsa asibiti, karo na uku ke nan. Da na ce Kaura Namoda, sai ya ce ai gida ne, ya sha sayen gyaɗa a can. Ya duba takardata, ya girgiza kai. Ya bar matarsa da ɗiyarsa a inuwa, ya kai ni har tashar jirgin ƙasa, ya yankar mini tikitin Ludiyana inda makarantar take, ya rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe don in riƙa gwada shi da allunan tasha. Da za mu rabu ya cusa mini kilishi a aljihu. Sai da jirgi ya tashi na tuna ban tambayi sunansa ba.

Ni da na tashi a garin da layin dogo ya ƙare, ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar. Na zauna a bakin taga ina kallon gonakin alkama shimfiɗe kamar tabarma, babu tudu babu kwari, babu kuka ko ɗaya. Mutanen cikin taragon suna kallona, ni ina kallon gona.

Makarantar da na keta duniya domin ta ɗakuna biyu ce a saman shagon taya. Akwai allo mai kyau a waje, akwai teburi ɗaya da kwamfuta a ciki. Mai makarantar ya tarbe ni da shayi da fara'a. Ya ce su ba sa ɓata lokaci da aji, karatunsu duk na aiki ne, gobe za a kai ni masana'anta, idan shekara ta cika zai ba ni takarda. Na tambayi malamai, ya ce suna can masana'antar. Washegari na gane abin da ake ciki. Baƙi irina yake tarawa ya miƙa wa masu masana'antu su yi musu aikin ƙarfi da sunan ɗalibai.

Masana'antar tana ƙera kayan babur. Aikina shi ne ɗaukar tiren ƙarafa daga wannan inji zuwa wancan, daga safe har la'asar sakaliya. Aka ba ni shimfiɗa a ɗakin da mutum shida 'yan ci-rani ke kwana. Mutanen kirki ne, amma ba mu da harshe ɗaya. Sanyin garin ya sha bamban da namu, mai laima ne, yana shiga ƙashi, ga hazo da kan yini bai tashi ba. Abinci kullum gurasa ce da romon wake. Ba daɗi ne babu ba, amma cikina bai taɓa yarda ya ci abinci ba. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka sau da yawa, na yi mafarkin furar Inna mai ɗan yaji, wadda take damawa idan mun dawo daga gona. In na kira gida sai in ce karatu na tafiya lafiya lau. Babana yakan ce, "To madalla, a yi ta haƙuri," ni kuma in rasa inda zan sa kaina.

A sati na biyar na haɗu da Baba Gurnam. Dogon tsoho ne mai farin gemu har ƙirji da naɗin rawani. Ranar da na fara ganinsa na ɗauka liman ne, na rusuna na yi masa sallama. Ya amsa mini daidai, sannan ya yi dariya ya gaya mini da Turanci cewa shi ba Musulmi ba ne, addininsu daban, amma sallama ba ta da ƙaya. Shi ne mai kula da awo a masana'antar. Yana da ɗan ɗaki mai gilashi a kusurwa, kuma a jikin kowane inji ya liƙa takarda mai layuka da ɗige-ɗige.

Wata rana na ajiye tire na tsaya ina duba ɗaya daga cikin takardun nan, don ido na ya yi kewar lambobi. Sai na ga an haɗa awo biyar an raba, amma an yi kuskure a rabawar. Na ciro guntun fensir na gyara a gefe. Ashe yana bayana. Ya tambayi wa ya koya mini, na gaya masa abin da na karanta da abin da ya kawo ni. Da rana ya shiga ofis ya fito, ya ce daga gobe in bar tire in zo ɗakin gilashi.

A wannan ɗaki na yi karatun da na zo nema. Babban abin da muke aunawa shi ne sandar ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta babur. Mai saye yakan ba da iyaka biyu: kada kaurinta ya wuce kaza, kada ya gaza kaza, kuma tsakanin iyakokin bai kai kaurin gashin kai ba. Baba Gurnam ya fara da gaya mini cewa babu inji a duniya da zai fitar da abu biyu iri ɗaya, ko da ido ya ce ɗaya ne. Don haka kowace awa nakan ɗebo sanda biyar daga kowane inji, in goge su, in auna da ma'aunin hannu mai murɗawa, in fitar da matsakaicinsu da tazarar da ke tsakanin babba da ƙarama, in ɗiga a takarda. Takardar tana da layi a tsakiya da layi sama da ƙasa. In ɗigo na yawo a kusa da tsakiya, sama yau ƙasa gobe, to inji na cikin hayyacinsa, kada a taɓa shi. In ɗigo ya tsallake layi, ko aka sami bakwai a jere suna gangarawa gefe ɗaya, to wani abu ya canza, ko da kayan ba su lalace ba tukuna.

Daga nan ya koya mini lambar da masu saye suka fi tambaya, wadda ake kira Cpk. Ya cika allo da alamomi, na iya lissafin amma ma'anar ba ta zauna mini ba. Kwana biyu ina juya abin, sai ranar nan na ce masa, ko dai kamar jakinmu ne idan ya ɗauko karan dawa zai shiga ƙofar zaure? Faɗin ƙofa shi ne iyakar mai saye, faɗin kaya shi ne bambancin da ke tsakanin sandunan. In kaya ya fi ƙofa faɗi, dole kara ya karye. In ƙofa ta fi faɗi amma jaki ya raɓa gefe ɗaya, nan ma zai goge bango. Lambar tana gaya maka saura nawa tsakanin kayan da bangon da ya fi kusa. In ta kai ɗaya, da ƙyar ake wucewa. In ta gaza ɗaya, ana karya kara. Masu saye sun fi son ɗaya da ɗigo talatin da uku, don a sami wurin numfashi. Baba Gurnam ya buga tebur yana dariya, ya sa na zana masa jakin a bayan takarda. Daga ranar ya riƙa kirana da wata kalma tasu mai nufin ɗana, ni kuma ina ce masa Baba.

Ranar Lahadi yakan ɗauke ni a tsohon babur ɗinsa mu je gidansa. Matarsa, wadda kowa ke kira Bibi, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ran farko ta yi mana gurasar masara da miyar ganye da man shanu a kai. Loma ɗaya na yi na ji ƙamshin ɗakin girkin Inna, hawaye suka zubo mini a gaban mutane. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Ta ƙara mini man shanu kawai. Da azahar ta yi, Baba ya kalli agogo ya ce lokacin sallata ya yi, ya nuna mini yamma, don a can yamma ake fuskanta, Bibi ta ɗauko wankakken mayafi ta shimfiɗa mini. Haka aka riƙa yi duk Lahadi har na bar ƙasar, kuma mayafin nan ba a yin komai da shi sai wannan.

Na yi wata biyu a ɗakin gilashi kafin in lura da rubutun da ke jikin kwalayen da ake zuba sandunan. Legas aka rubuta. Na tambayi Baba, ya ce rabin abin da muke yi ƙasarku yake zuwa. Ƙanena Bashar ɗan kabu-kabu ne, yana jigila tsakanin Shinkafi da Galadi, ranar kasuwa kuma har Badarawa. Tun daga ranar in na riƙe sanda sai in ji kamar na san inda za ta. Wata Lahadi da yamma muna waya da shi, bayan mun gama gaisuwa sai ya rage murya don kada Inna ta ji.

"Yaya, shekaranjiya Allah ɗai yak kiyaye. Mun taso Galadi da wata tsohuwa da buhu guda, sai munka hangi ɓarayin dajin nan bakin gulbi. Na juya cikin rairayi na ba shi wuta. Da mashin ya yi min gardama ko kaɗan, da ba ka jin muryata yau."

Na ce ya bar hanyar nan. Ya ce to a ci mi?

Da zafi ya fara shigowa, inji na huɗu ya fara canza hali. Da safe ɗigonsa na tsakiya, da rana ta take sai ya riƙa gangarawa, sandunan suna sirancewa kaɗan-kaɗan. Na ƙirga bakwai a jere na kai wa Baba. Ya rubuta a tsayar da injin a duba. Manaja ya ƙi, don akwai kwantena da za ta tashi ƙarshen wata. Manajan matashi ne, surukin mai masana'antar, mai son a ce ya iya aiki. Aka ci gaba da yi har sati biyu. Da na tattara awon na lissafa, lambar ta faɗo ƙasa da ɗaya. Ma'ana, a cikin kwalayen nan da aka riga aka ɗaure akwai sandunan da suka gaza iyaka.

Manaja ya kira mu ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mai saye takarda yake so, kuma babu wanda ya ce in rubuta ƙarya. In auna sanduna da yawa, in zaɓi hamsin mafi kyau, in yi lissafi da su. Na ce awon da aka zaɓa ba awo ba ne, ai kamar mutum ya ɗora manyan tumatir a saman kwando ne. Sai ya buɗe aljihun teburi ya ciro kwafin bizata. Ya ce ta ɗalibi ce, ba ta aiki ba, kuma waya ɗaya zai buga a zo a tafi da ni. Ya ba ni zuwa gobe da azahar. Duk wannan Baba Gurnam na tsaye, idonsa na ƙasa.

Da muka koma ɗakin gilashi na jira ya ce wani abu. Ya goge tabaransa, sannan ya ce, "Ɗana, kada ka ɗauke ni waliyyi. Na sa hannu a irin wannan takarda ba sau ɗaya ba. Ina da 'ya'ya mata uku a lokacin. Kai baƙo ne, ba ka da kowa a nan. In ka yi, ba zan ga laifinka ba."

Ba zan ɓoye ba, washegari da safe na fara. Na jawo kwali, ina aunawa, mai kyau in ajiye dama in rubuta, maras kyau in tura hagu. Ina tunanin kurkukun ƙasar da ba na jin harshenta, ina tunanin in koma Sakajiki hannu rabbana in kalli Babana. Na rubuta ashirin. Tarin hagu kuwa sai girma yake yi. Na ɗauki ɗaya daga ciki, na zura ta a boris ɗin gwaji da ke kan teburi, wato zoben da taya ke juyawa a kansa, na girgiza. Ta yi ƙas-ƙas a hankali. Na san wannan ƙarar. Duk wanda ya taɓa hawa bayan babur a hanyar daji ya san ta, ita ce ke zuwa kafin kan mashin ya fara rawa a cikin rairayi. Na ajiye biro. Na yage takardar, na kwafe awon gaskiya na sati biyu, na rubuta lambar yadda ta fito, na sa hannu, na kai ofis tun kafin azahar. Ba jarumta ba ce, a tsorace na kai ta. Manaja ya karanta, ya dunƙule ta ya jefa a kwandon shara, ya ce in fita.

Baba Gurnam ya ga shigata da fitata ta gilashi. Ya cire takardun inji na huɗu daga bango, ya naɗe su, ya ɗauki sandar nan da boris ɗin ya sa a aljihu, ya hau babur ya tafi. Daga baya na ji gidan mai masana'antar ya je, tsohon da suka fara aiki tare a wata rumfa tun suna samari, wanda ciwon ƙafa ya zaunar a gida. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Da la'asar aka kawo tsohon a mota, aka tsayar da injin. Da aka kwance shi aka tarar famfon ruwan da ke sanyaya ƙarfe ya toshe, shi ya sa in rana ta yi zafi awo ke gocewa. Aka ce a buɗe kwalaye duka. Kwana huɗu muka yi, mu goma, muna auna sanduna ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka ware ya cika durom biyu. Kwantena ta makara.

Manaja bai kira 'yan sanda ba, sai dai ya kira mai makarantar. Shi kuma ya soke sunana, ya ce ba ni da ɗa'a, ba takarda, kuma in bar ƙasar kafin a waiwaye ni. Baba ma bai tsira ba. Aka yi masa walimar ban-kwana, aka rataya masa furanni, aka ce ya huta haka nan, alhali da sauran shekara biyu a gabansa. Na ba shi haƙuri na ce ni na jawo masa. Ya ce a'a, tun da ya fara aiki bai taɓa yin barci mai daɗi irin na satin nan ba.

Shi ya raka ni tasha da sassafe. Bibi ta ɗaure mini gurasa a ƙyalle, ta dafa kaina ta yi ta magana, shi yana fassara kaɗan yana barin sauran. Ya ba ni wasiƙa da hannunsa mai bayanin abin da na iya. Ita ce kaɗai takardar da na dawo da ita daga Indiya.

Na iso Sakajiki ana tsakiyar shuka. Na tarar da Babana yana huɗa da shanun aro. Na zauna a gindin bishiyar bedi na gaya masa komai, har da ƙaryar da na riƙa yi masa a waya. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ka dawo da ƙahwahunka, kuma ba ka ci amanar kowa ba. Tashi ka kama mani igiya." Bai taɓa tayar da zancen shanun ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu ina aiki a wani injin casar shinkafa a Kaura. Kowace awa nakan ɗora buhu biyar a sikeli in ɗiga a takarda. Da farko ma'aikata dariya suke yi, suna ce mini Malam Biyar-biyar. Yanzu in ɗigo ya fara gangara su ke zuwa su kira ni. Abin mamaki, garin da na yi ta kukan in bari, shi nake kewa. In an yi ruwa da safe ƙasa ta yi sanyi, sai in ji warin man inji da shayi mai citta, in ga kamar zan waiga in hangi rawanin Baba Gurnam ta gilashi.

Bara da kaka 'yar autarsa ta turo mini saƙo cewa Baba ya rasu, bai yi doguwar jinya ba. Na je Sakajiki na gaya wa Inna. Ta ajiye tsintsiya, ta ce in kira mata matarsa ta yi mata gaisuwa. Na ce Inna, ai ba ta jin Hausa, ko Turanci ba ta ji. Ta ce, "Kira min ita dai."

Na kira, 'yar ta miƙa wa Bibi, ni na miƙa wa Inna. Inna ta zauna a kan turmi ta fara da ina kwana, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Ta gaya mata ita ma ta binne nata mijin, ta san yadda ɗaki ke yin faɗi. Ta yi mata godiyar ɗanta da ta riƙe. Ina jiyo muryar Bibi daga can tana amsawa da nata harshen, in wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka. Na tsaya kusa ko za a nemi in fassara, ba wadda ta neme ni. Sun fi rabin awa a haka, har katin ya ƙare. Inna ta share ido da bakin zane, ta miƙo mini wayar, ta ce, "Mutuniyar kirki ce. Ta ce a gaishe ka."